Baba Mai Hantsaki da Ƙashin Gurgu

Dakta ɓarawo ne, kuma maƙaryaci. Ya saci ƙashin tsuntsu daga akwatin gidan tarihin da yake cin abinci a cikinsa, ya kankare lambar da ke jiki, ya jiƙa shi a ruwan shayi har ya yi duhu, sannan ya tara jama'a ya ce daga ƙasa ya tono shi, wai shekarunsa miliyoyi. Da wani dattijo ya gane, maimakon kunya ta kama shi, sai ya nemi ya rataya wa dattijon satar. Ba zargi nake yi ba. Kwamiti ya zauna ya gama, kuma ina cikin ɗakin da aka yi zaman.

Amma ba don Dakta na ɗauki alƙalami ba. Dattijon nake so ku sani, tun yana da rai, tun kunnensa na jin abin da aka faɗa. Muna da mugun hali na barin mutumin kirki sai ya kwanta dama, sannan kowa ya buɗe baki yana jero alherinsa ga wanda ba ya ji. Ni ba zan jira wannan ranar ba.

Baba Mai Hantsaki ake ce masa, saboda hantsakin da ba ya rabuwa da aljihun gaban rigarsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki a sashen tsuntsaye na gidan tarihi, kuma makon jiya ya yi ritaya. Kullum ƙarfe bakwai da rabi ya jingine kekensa a bangon baya, ya sauka matakala zuwa ɗakinsa da ke can ƙarshen baranda, bayan inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Masu ziyara ba su san da ɗakin ba. Su dai suna ganin tsuntsaye a gilashi a sama, ba su tambayar wa ya wanke, wa ya jera, wa ya rubuta.

Kafin ya gaida kowa sai ya gaida dabbobinsa. A wani tsohon akwatin ƙarfe yake kiwon wasu ƙananan ƙwari masu cin busasshen nama. In aka kawo mataccen tsuntsu, ya feɗe shi, ya shanya, ya miƙa musu, bayan 'yan kwanaki su bar masa ƙashi fes. Matarsa takan ce, "Mazan mutane na kiwon awaki, nawa ƙwari yake kiwo. Ba nono, ba nama, ba taki." Shi kuwa sai ya ce su kaɗai ne ma'aikatan gidan da ba su taɓa zuwa a makare ba.

Daga nan ya zauna a tebur, ya sa tabarau, ya jawo fitila da gilashin ƙara girma. Kowane ƙashi, ko bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai ya ɗauke shi da hantsaki ya share da buroshi. Wanda ya isa ɗaukar rubutu ya rubuta masa lamba da siririn alƙalami. Ya zana kamanninsa a kundi, ya kwantar da shi a auduga, ya rufe kwali. Ranar farko ta kowane wata kuma yakan bi kwalayen nan yana ƙirga abin da ke ciki. Babu wanda ya sa shi. Babu wanda ya taɓa duba ko ya yi.

Ni kafinta ne, ni nake yi wa gidan durowa da akwatunan gilashi, ta nan muka saba. Ban yi makaranta mai nisa ba, abin da na sani da kaina na tsinta, kuma da yawansa a ɗakin nan na tsince shi ina jiran gam ya bushe. A wurinsa na fara sanin tsuntsun da masana ke kira tsuntsun ɓera. Wataƙila kun sha ganinsa a lambu ba ku kula ba. Ɗan ƙarami ne mai launin toka, da tukku a ka da doguwar jela, gashinsa mai laushi kamar na ɓera, kuma haka yake sulalewa cikin rassa. Ba ya zama a reshe kamar sauran tsuntsaye, sai dai ya yi lilo, ciki a ƙasa, ƙafafu a sama. Yatsunsa na gefe suna juyawa gaba ko baya yadda ya ga dama. In sanyi ya kama su sai su cure wuri ɗaya kamar ƙulli.

Baba ya ce iri shida ne kacal suka rage a duniya, dukansu a Afirka. Masana sun raba su gida biyu. Babban gidan mai iri huɗu shi suke kira Colius, ƙaramin yana da iri biyu. Ba su da ɗan'uwa na kusa a cikin tsuntsaye, don haka aka ware musu zuriyarsu su kaɗai. Amma ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse sun nuna kakanninsu sun taɓa zama a Turai da Amurka ta Arewa, shekara wajen miliyan hamsin da suka wuce, kuma a kudancin Afirka an tono na gidan Colius kansa mai shekara kusan miliyan biyar. Haka masana suka ce, Allah ne mafi sani.

"Kafinta," in ji shi, "ka ga dangin da suka yi arziki suka tsiyace. Da rabin duniya nasu ne, yau ga su suna satar gwanda a lambun mutane."

Wata rana na lura da wani abu a 'yan takardun da yake ɗaura wa kwalaye. Wurin da aka samo ƙashi, da ranar, da wanda ya samo, duk da tawada yake rubutawa. Amma sunan tsuntsun da fensir. Na ce ko tawada ce ta ƙare.

Ya ce, "A'a. Suna na masana ne, su kuwa ba sa zama wuri ɗaya. An taɓa tono wasu ƙasusuwa a Turai aka sa su gidan Colius. Suka yi shekaru a ciki, daga baya wasu suka sake dubawa suka ce ba 'yan gidan ba ne, aka kwashe musu kaya aka fitar da su. In da tawada na rubuta, yaya zan yi? Amma inda aka tsinci abu da ranar da aka tsince shi, wannan ya riga ya faru. Babu farfesan da zai canza shi."

Ku riƙe wannan maganar, don a kanta komai ya tsaya.

Shekara goma sha tara da suka wuce, wani tsuntsun ɓera ya maƙale a wayar tagar baranda, ya yi ta fizga har ƙafarsa ta hagu ta karye. Inna mai shara ce ta tsince shi. Ita ma tana nan har yau, ta fi kowa daɗewa a gidan in ka cire Baba, kuma ta fi kowa baki ko ba ka cire kowa ba. Ta yi masa ɗori da tsinken tsintsiya da zare. Ni na haɗa masa keji da guntayen katako. Ta sa masa suna Gurgu, tana ba shi ɓawon ayaba da ragowar gwanda. Ƙafar ta haɗe, amma a karkace, da ɗan ƙulli a inda ta karye. Wata biyar ya yi a ɗakin Baba yana lilo a yatsan Inna, sannan wata safiya aka tarar ya mutu. Inna ta yi kuka ta ce a binne shi. Baba ya lallashe ta ya ce ta bari ya zauna a gidan har abada. Ƙwari suka yi aikinsu, Gurgu ya shiga kwali mai lamba ɗari biyu da sha ɗaya, aka zana ƙasusuwansa a kundi, har da ƙullin nan na ƙwauri.

Dakta ya zo gidan shekara huɗu da suka wuce, da takardu masu nauyi da takalmi mai ƙara. Ilminsa ba ƙarya ba ne, ya san littafi. Abin da ya rasa shi ne haƙuri. Ya ci alwashi a gaban manya cewa zai samo tsohon ƙashin tsuntsun ɓera a wani busasshen tafki, ya je da mota ya dawo da buhu arba'in na ƙasa, ya jibge wa Baba ya ce a tace. Baba ya yi shekara biyu yana tacewa da rariya, ludayi-ludayi, yana tsince abin da ya rage da hantsaki. Ya samu haƙoran ɓeraye, ya samu ƙasusuwan kwaɗi da na kifi. Na tsuntsun ɓera ko ɗaya. Duk ƙarshen mako Dakta ya leƙo.

"Tsoho, har yanzu?"

"Har yanzu, Dakta."

"Anya idon nan naka yana gani kuwa?"

"Yana ganin abin da ke nan, ranka ya daɗe. Wanda babu ne ba ya gani."

Da gaske yanar ido ta fara kama shi. Baba ya ɗauki hutun mako shida aka yi masa aiki a asibiti, makullin ɗakinsa kuma ya koma hannun Dakta. Kafin ya dawo gari ya ɗauka: Dakta ya samo ɗan ƙashin ƙwauri a buhu na talatin da ɗaya, bai kai tsinken ashana tsawo ba, launinsa ƙasa-ƙasa. Na gidan Colius ne, amma yana da wani ƙulli da babu irinsa a jikin masu rai, saboda haka sabon iri ne da ya shuɗe. Ya raɗa masa suna da yaren masana, ya aika takarda mujallarsu, 'yan jarida suka zo da kyamara. Ni aka sa na yi masa akwatin gilashi, na shimfiɗa jan ƙyalle a ciki, na ɗaure da kusoshi takwas. Har yau in na tuna da hannuna na gina wa ƙarya ɗaki, sai in ji kamar in wanke hannun da toka.

Baba ya dawo da sabon ido ana saura kwana biyu wata ya ƙare. Ya yi murna da labarin, ya hau sama ya tsaya gaban gilashin ya daɗe yana kallo. Ranar ɗaya ga wata ya yi ƙirgarsa. A kwali na ɗari biyu da sha ɗaya ƙwaurin hagu babu. Ya buɗe kundi ya rubuta da tawada cewa babu shi, ya sa rana. Da aka kawo masa rajista ya shigar da sabon ƙashin na Dakta, ya rubuta sunan da fensir, ya bar gurbin wuri da na rana ba komai.

Bai kai ƙara ba, bai yi tsegumi ba. Ofishin Dakta ya je shi kaɗai, ya rufe ƙofa. Abin da suka yi shi ya faɗa min, kuma Dakta bai musa ba a gaban kwamiti.

"Dakta, ƙashin nan na sama, na san shi."

"Kowa ma ya san shi yanzu. Me ya sa ba ka cike rajista ba?"

"Ba na sa tawada a kan abin da ban gani ba. Ranka ya daɗe, ƙwaurin Gurgu ne. Ƙullin nan ɗori ne. Ka janye takardarka, ka ce an yi kuskure wajen kwatantawa, kwalaye sun haɗu. Ni ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Kai yaro ne, gabanka da nisa."

Dakta ya yi dariya. "Wato ka ɓatar da ƙashin gwamnati, shi ne kake neman inda za ka jingina? Wata nawa ya rage maka?"

"Huɗu."

"To ka lallaɓa su."

Bayan kwana uku takardar tuhuma ta iso. An ce ƙashi ya ɓace a hannunsa, kuma akwai zancen cewa wasu na sayar wa baƙi kayan gidan. Aka karɓe makulli, aka ce ya zauna a gida. Sannan Dakta ya aika masa da wata takarda: in ya sa hannu cewa shi ya yar da ƙashin saboda raunin ido, ya kuma cike rajista da tawada, za a rufe magana ya yi ritayarsa lafiya. In ya ƙi, kora ce, da sunan ɓarawo. Abin da ke kan faifai ke nan. Mutum ya yi shekara talatin da huɗu bai taɓa fita da ko auduga ba, ga shi za a sallame shi jikokinsa su tashi ana nuna su.

Na je gidansa a kwanakin nan. Na same shi a tsakar gida yana gyara sarƙar keken da lafiyarta ƙalau, takardar na ajiye a kan kujera an danne ta da kofi. Matarsa na wanki, tana magana ba ta dube shi ba.

"Malam, ka sa musu hannu mana. Ƙashin tsuntsu ne fa, ba na mutum ba. Wa zai mutu?"

"Ba wanda zai mutu."

"To?"

"In na sa, nan da shekara hamsin wani zai buɗe littafi ya ga an ce an samu tsuntsun nan a tafkin nan. Ya ɗora nasa a kai, wani ya ɗora a kan nasa. Duk a kan rubutuna."

"Nan da shekara hamsin kana ina?"

"Ina inda za a tambaye ni."

Ta ci gaba da matse riga. Can ta ce, "Kafinta, ka ga abin da nake fama da shi shekara talatin da bakwai." Ta tashi ta share hannu a zani, ta ɗauke kofin, ta ninke takardar gida huɗu ta cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. "Da ma ya daɗe yana damuna. Gobe in goge maka wace rigar?"

Baba ya rubuta wa Shugabar gidan cewa yana roƙon a zauna, a kuma buɗe gilashin a gabansa. Shugaba mace ce mai tsoron abin kunya, kuma sunan gidanta ya riga ya shiga jarida, don haka ba da son ranta ta yarda ba. Amma ta yarda, wannan a rubuta mata. Aka haɗa kwamitin mutum uku, har da wata farfesa daga wata jami'a. Da yake ni na ɗaure akwatin, ni aka kira na kwance, kuma da na gama ba wanda ya tuna ya ce in fita.

Baba ya buɗe kundinsa na shekara goma sha tara baya, ya ajiye kusa da ƙashin. Zanen da ƙashin kamar an tsaga kara. Dakta ya ce zane ai kowa na iya yinsa jiya ya sa tsohuwar rana. Baba ya ce a duba shafin gaba da na baya, tawada ɗaya ce, tsufa ɗaya. Dakta ya ce kama ba ita ce hujja ba. Sai Baba ya ce a kira Inna mai shara.

Ta shigo da tsintsiyarta, ta ƙi ajiyewa. Farfesa ta ce, "Inna, ki duba ta gilashin nan, ko kin san wannan?"

Inna ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Ta ɗago, ta sake leƙawa. Sai ta dafe ƙirji.

"La ilaha! Gurgu ne! Wa ya shafa masa wannan baƙin?"

Dakta ya ce, "Baiwar Allah, wannan ƙashin ya fi shekara miliyan uku."

"Miliyan uku? To ni shekarata nawa ke nan, da na ba shi ayaba da hannuna? Ɗan nan, ni na ɗora ƙafar nan. Ka ga inda ta karkace? Zaren ne ya yi min gajere. Kullum ina wucewa ta gaban gilashin nan da tsumma, an ce kar a matsa kusa, ashe ɗana ne a ciki an kwantar da shi a jan ƙyalle kamar wani attajiri!"

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya sunkuyar da kai yana tari. Dakta ya miƙe ya ce ba zai tsaya mai shara ta yi masa hukunci a kan ilmi ba. Farfesa ta ce ya zauna.

Sai Baba ya ciro hantsakinsa. Ya nemi izini, aka ba shi. Ya juya ƙashin ya kwantar da shi rub da ciki, ya ce, "Ranki ya daɗe, a bayan wannan ƙashin akwai ɗan kwari inda jijiya ke bi. Ni a nan nake rubuta lamba, don hannu ba ya gogarta a wurin. Bakin alƙalamina na shiga. Bakin reza ba ya kaiwa ƙasa."

Farfesa ta jawo fitila ta duƙa. Ta daɗe. Ta ce gefe da gefe an kankare, ga sawun reza, amma a can cikin kwarin ga gindin lamba biyu, ga ƙafafun ɗaya da ɗaya, wato lambar kwalin Gurgu. Ta ɗauko ƙwaurin dama daga kwalin Gurgu ta jera su, tsawo ɗaya. Ta ɗiga ruwan ɗumi a auduga ta goga a gefe, audugar ta fito da launin shayi. Daga baya an kai ƙashin an ɗauki hotonsa irin na asibiti, hoton ya nuna karaya da ɗori ƙarara, amma tun a ranar magana ta ƙare. Dakta ya ɗauki ƙashin da ya fi kowanne ban mamaki a durowa don ya yi kama da sabon iri, bai san dalilin ban mamakin a rubuce yake ba. Shekara huɗu yana gidan bai taɓa buɗe kundin tsoho ba, ya raina shi.

Shugaba ta miƙa wa Baba makullinsa a gaban kowa ta ba shi haƙuri, ta ce ya faɗi abin da yake so. Na zaci zai ce a yi wa Dakta kaza. Cewa ya yi a ba shi ƙashin ya mayar. Ya sauka da shi ƙasa, ya wanke iya abin da zai wanku, ya sake rubuta lambar, ya kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa. Ya rubuta a kundi da tawada ranar da ya fita da ranar da ya dawo da abin da ya same shi. Sannan ya buɗe rajista, ya ɗauki magogi, ya goge sunan nan na fensir, ya hure.

Kuma bai tsaya nan ba, wannan ne ma abin da ya fi kama ni. Buhu tara ne suka rage daga ƙasar tafkin. Kowa ya ce a zubar, ƙasar ta zama abin kunya. Baba ya ce ƙasa ba ta yi laifi ba. Watanninsa na ƙarshe a kanta ya ƙarar, ludayi-ludayi, har ranar da ya rage masa kwana biyu. Na tambaye shi ko ya samu. Ya ce bai samu ba. Ya nuna min shafin: buhu arba'in, an tace duka, babu tsuntsun ɓera. Da tawada.

Na ce, "Baba, shekara biyu da rabi a kan babu?"

Ya ce, "Babun gaskiya ai ta fi akwai ta ƙarya. Wanda zai zo bayana ya san an duba nan, sai ya duba gaba."

Baba, yanzu da kai nake. Kai ne ka zauna a ɗakin da rana ba ta shiga, kana yi wa matattun tsuntsaye adalcin da masu rai ba su yi maka ba. Sunanka ba ya jikin gilashi ko ɗaya a gidan nan, alhali babu gilashin da abin cikinsa bai bi ta hannunka ba. Kai ne ka je wa wanda ya zalunce ka a asirce, ka buɗe masa ƙofar fita, shi ya ƙi bi. Kai ne aka ce ka zaɓa tsakanin kwanciyar hankalinka da layi ɗaya a littafin da wataƙila ba mai karantawa, ka zaɓi layin. Mai hantsaki, mai ƙirgar da ba a sa shi ba. Na gode maka a madadin Inna, da Gurgu, da wanda zai buɗe kundinka bayan duk mun tafi ya tarar babu abin gyara. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba uwargida ladan haƙuri da kai, ya sa ka ci ritayarka da lafiya. Ƙwarin ma na ji an ce ka bar wa wanda ya gaje ka takarda shafi uku a kan yadda ake ciyar da su.

Ku kuma masu karatu, ba na ce kowa ya je ya yi kiwon ƙwari ba. Amma kowannenku na da rajistar da yake cikewa. Malamin asibiti da ke rubuta awon da bai yi ba, da mai duba gini da ke sa hannu daga cikin mota, da malamin makarantar da ke ba da maki bai karanta ba, da ni kaina kafinta in na rufe ruɓaɓɓen katako da fenti, duk shayi muke jiƙa ƙashi a ciki. Ku koyi abu ɗaya daga dattijon nan. Abin da kuke zato ku rubuta shi da fensir. Abin da kuka gani da idonku shi kaɗai ya cancanci tawada. In kuma akwai irinsa a ƙarshen barandar wurin aikinku, ku sauka ku gaishe shi gobe, kada ku jira sai an rufe shi da ƙasa.

Dakta kuwa an kore shi. Mujallar ta janye takardarsa ta buga dalili, an soke sunan da ya raɗa, kuma ni na kwance akwatin gilashin na yi wa Inna kabad na tsintsiya da katakon.